Yadda zaka gane inda ɗaliban jami'ar Chaina suka dosa, ka kuma shirya naka aikin tun kana can

Idan Allah ya kai ka Chaina karatu, ko kana shirin tafiya, abu na farko da nake so ka sa wa ido shi ne ƙofar laburare da sassafe. Zaka ga tun gari bai gama wayewa ba, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, an riga an yi layi ana jiran a buɗe, kowa da jakarsa da 'yar fulas ɗinsa ta ruwan zafi, kuma in ka leƙa littattafan da ke hannunsu zaka tarar yawanci ba na aji bane. Wata jarrabawar suke wa karatu, ta bayan makaranta. In ka gane wace jarrabawa kowa yake wa wannan sammako toh ka gane burin ɗalibin Chaina na yau, kuma kaima zaka san yadda zaka tsara shekarunka a can, domin mu sau da yawa sai takardar digiri ta shigo hannu muke fara cewa yanzu kuma sai ina, su kuwa tun suna aji uku magana ta riga ta yi nisa.

Ka fara riƙe yawansu a kanka, don in ba haka ba komai nasu zai yi maka kama da zaƙewa. A 2022 ne waɗanda suka gama manyan makarantu a shekara ɗaya suka fara haura miliyan 10, wato miliyan 10 da dubu 760. A 2024 sun kai miliyan 11 da dubu 790, a 2025 kuma miliyan 12 da dubu 220. Duk shekara fa, ba jimilla ba. A watan Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin matasan birane 'yan shekara 16 zuwa 24 ya kai kashi 21.3 cikin 100, har hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta dakatar da fitar da alƙaluman a watan Agusta, sai a Janairun 2024 ta dawo da su da sabon lissafi wanda ya cire waɗanda ke makaranta. Yaron da ke zaune kusa da kai a aji ya san wannan labarin sarai, uwarsa ma ta sani, kuma ita ce ke kiransa a waya duk dare.

Sai ka koyi tambayar da ta dace. Kar ka ce wa abokin ajinka me kake so ka zama, zai yi murmushi kawai ya ce bai sani ba tukuna. Tambayar da suke yi wa junansu ita ce, kaoyan zaka yi ko kaogong ko aiki zaka nema. Kaoyan ita ce jarrabawar shiga digiri na biyu, kaogong ita ce jarrabawar shiga aikin gwamnati. In ka yi tambayar da waɗannan kalmomin zaka ga fuskarsa ta sake, ya san ka san dawan garin, daga nan sai hira ta ɓalle. Akwai wasu kalmomin da zaka dinga ji, bianzhi shi ne gurbin aiki na dindindin a cikin tsarin gwamnati wanda da wuya a kore ka daga shi, tie fanwan ma'anarsa kwanon shinkafa na ƙarfe, wato kwanon cin abincin da ko ya faɗi ba ya fashewa, sai kuma shang'an, wanda ni ita ce kalmar da ta fi taɓa min zuciya, ma'anarta fitowa gaɓa. Wanda ya ci jarrabawa sai ya ce na fito gaɓa, kaga kenan duk sauran suna ganin kansu a tsakiyar ruwa suna iyo.

Toh bari in tsaya sosai a kan kaogong don nan ne zuciyar maganar take. Babbar jarrabawar ta ƙasa baki ɗaya sunanta guokao, kar ka haɗa ta da gaokao ta shiga jami'a da ake farawa ranar 7 ga Yuni, harafi ɗaya ne ya raba su amma daban suke. Ana rajistar guokao a watan Oktoba, a zauna ta ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. Wadda aka yi a ƙarshen 2024 mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 aka tantance, guraben aikin kuma dubu 39 da ɗari 7 ne kacal, in ka raba zaka ga wajen mutum 86 ke neman kujera ɗaya, kuma wannan matsakaicin lissafi ne, akwai kujerar da dubbai ke rububinta. Takarda biyu ake rubutawa a rana ɗaya. Ta safe ita ce xingce, tambayoyin zaɓi sama da ɗari cikin awa biyu, lissafi da fahimtar rubutu da nazarin jadawali da sanin al'amuran yau da kullum, kusan ba mai gama ta a natse, shi yasa zaka ga abokinka yana karatu da agogo a gabansa yana auna sakan. Ta yamma ita ce shenlun, awa uku, a ba ka tarin bayanai kan wata matsalar jama'a ka taƙaita, ka kawo mafita, ka rubuta sharhi da irin harshen takardun gwamnati. Wanda ya haye sai intabiyu, sai gwajin lafiya, sai binciken asali da halayya. Ma'aikatar haraji ita ke kwashe kaso mafi tsoka na guraben duk shekara. Wanda bai samu ba kuma yana da sauran dama a jarrabawar larduna da yawancinsu ake yi wajen watan Maris, shi yasa wasu suke yawo lardi zuwa lardi da jakar littattafai.

Nan ne zaka gane dalilin da yasa kwas ɗin da mutum ya zaɓa tun yana ɗan shekara 18 yake bin sa har ofis. Kowace kujera a guokao tana da irin digirin da take karɓa, masu shari'a da akanta da tattalin arziki da harshen Sinanci da kwamfuta suna da zaɓi da yawa, wanda ya karanta wani abu da ba a cika nema ba sai ya faɗa cikin kujerun da ba su da sharaɗin kwas, waɗanda su ne kowa ke dankarewa a kai. Wasu kujerun ma sai ɗan Jam'iyyar Kwaminis, don haka in ka ga abokinka yana zuwa taron jam'iyya yana rubuta rahoto kar ka yi saurin yanke masa hukunci, ga wasu aƙida ce, ga wasu kuma lissafin gaba ne, ga da yawa duka biyun ne.

Me yasa yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya doke dubbai ya shiga jami'a, zai fi son ya zauna a ofishin haraji na wata ƙaramar gunduma? Shekaru goma da suka wuce ba haka abin yake ba, a lokacin burin da yawansu shi ne Alibaba a Hangzhou ko Tencent a Shenzhen ko ByteDance a Beijing, ko kamfanin gine-gine, ko koyarwa a makarantun lesin masu biyan kuɗi da kyau. Sai abubuwa suka zo a jere. A Nuwamban 2020 hukuma ta dakatar da sayar da hannun jarin Ant, kamfanin hada-hadar kuɗi ta intanet mai alaƙa da Alibaba, daga nan aka matsa wa manyan kamfanonin intanet lamba suka fara rage ma'aikata. A Yulin 2021 gwamnati ta fito da dokar rage wa yara nauyin karatu wadda ta hana lesin na riba a darussan makaranta, sana'ar da ke ɗaukar ɗimbin masu sabon digiri ta durƙushe cikin 'yan watanni. A shekarar dai kamfanin gidaje na Evergrande ya kasa biyan bashi, harkar gine-gine ta shiga wani hali, har kwas ɗin injiniyan gini da a da ake rububi ya zama abin gudu. Ga kullen korona da bai ƙare ba sai Disamban 2022. Wanda ke jami'a yanzu a gaban idonsa na gaba da shi suka rasa aiki, yayin da kawunsa ma'aikacin gwamnati albashinsa bai taɓa yankewa ba. Ka haɗa da 996, wato aiki daga tara na safe zuwa tara na dare kwana shida a sati, da kuma tsoron shekara 35, don an san kamfanoni da yawa ba sa son ɗaukar wanda ya haura ta. Wallahi ni ban ga laifinsu ba, mu ma ai mun san darajar aikin gwamnati a gidan surukai.

Kuma kar ka manta da iyaye. Yawancin 'yan birni da zaka haɗu da su su kaɗai ne a wurin iyayensu, don dokar haihuwar ɗa ɗaya ta yi aiki daga wajen 1980 har zuwa ƙarshen 2015. Ɗa ɗaya, uwa da uba, kakanni huɗu, ba wa ba ƙane da za a raba nauyi da shi. Don haka in zaka fahimci burin mutum ka tambaye shi garinsu, ka tambaye shi ko yana da 'yan'uwa. Ɗan ƙauyen Henan ko Gansu da ya zo Shanghai karatu lissafinsa daban da na ɗan asalin Shanghai, saboda akwai hukou, rajistar zama ɗan gari, wadda ke da alaƙa da makarantar da ɗanka zai shiga da wasu haƙƙoƙin, kuma samun ta Beijing ko Shanghai ba ƙaramin aiki bane. Akwai wanda zai karɓi ƙaramin albashi a kamfanin gwamnati kawai don an yi masa alƙawarin hukou. Kamfanonin gwamnati irin su State Grid na lantarki da Sinopec na mai da manyan bankuna irin ICBC su ne zaɓi na biyu ga wanda ke son kwanciyar hankali.

'Yan mata kuma iyaye sun fi tura su koyarwa, ana cewa aiki ne mai mutunci ga hutu ga lokacin kula da gida, amma ita ma wannan hanyar ta fara ƙuntata saboda haihuwa ta ragu ƙwarai, daga jarirai kusan miliyan 18 a 2016 zuwa miliyan 9 da 'yan kai a 2023, makarantun renon yara sun fara rufewa, kuma kowa ya san firamare ce ke biye.

Ba kowa ne ke gudun kasuwa ba fa, kar in ba ka hoto rabi. Ka shiga sashen injiniyan lantarki ko kwamfuta ko kimiyyar batir zaka tarar da wani irin buri daban, Huawei, BYD mai motocin lantarki, CATL mai batir a Ningde, masana'antun ƙananan na'urorin kwamfuta da gwamnati ke zuba wa kuɗi saboda takunkumin Amurka, da kuma ƙirƙirarriyar basira, musamman tun da DeepSeek na Hangzhou ya girgiza duniya a Janairun 2025. Waɗannan yaran idonsu a buɗe yake, sun san za a matse su amma sun san za a biya. Akwai kuma masu cewa sun gaji da neijuan, wato gasar da kowa ke ƙara wahala ba tare da kowa ya ƙaru ba, suna maganar tangping, kwanciya a miƙe, a bar tseren. Maganar ta yi tashe a 2021. Sai dai ka lura, mai cewa ya kwanta ɗin nan gobe da asuba zaka gan shi a layin laburare.

Kaoyan kuwa ana yin ta ƙarshen Disamba, kuma wani abin lura shi ne masu rajistarta suna raguwa, miliyan 4 da dubu 740 a 2023, miliyan 4 da dubu 380 a 2024, miliyan 3 da dubu 880 a 2025, a daidai lokacin da masu guokao ke ƙaruwa. Mutane sun fara lissafin cewa shekara uku na mastas ba lallai su ƙara maka albashi ba. Da yawan masu yin ta ma ba don son bincike bane, so suke su canza sunan makarantar da ke kan takardarsu zuwa ɗaya daga cikin manyan jami'o'in ƙasar da ake kira 985 ko 211, irin su Tsinghua da Peking da Fudan da Zhejiang, domin akwai kamfanonin da ke tace masu neman aiki da sunan jami'a tun kafin su karanta komai. Wanda makinsa ya yi kyau tun daga aji ɗaya yana iya samun baoyan, a wuce da shi mastas ba jarrabawa, shi yasa zaka ga ɗan aji ɗaya yana jayayya da malami a kan maki biyu.

Yanzu ga abin da nake so ka kwaikwaya, wato kalandarsu. Hutun bazara na ƙarshen aji uku ba hutu bane, lokacin shixi ne, horon aiki a kamfani, kuma da yawa daga nan ake riƙe mutum. Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba na shekarar ƙarshe shi ne qiuzhao, ɗaukar ma'aikata na kaka, shi ne babban kakar, manyan kamfanoni suna zuwa har cikin jami'a su yi bayani a babban zaure su karɓi takardu. Na watan Maris da Afrilu, chunzhao, kala ne, abin da ya rage bayan girbi. Wanda ya dace sai ya sa hannu a takardar yarjejeniya ta ɓangare uku tsakaninsa da makaranta da kamfani, tun kafin ya kare kundin digirinsa ya san inda zai fara aiki a watan Yuli. Dalilin wannan gaggawar shi ne matsayin yingjiesheng, mai sabon digiri, domin guraben da yawa a gwamnati da kamfanoni an keɓe su ne ga masu wannan matsayin kawai, har wasu ke ƙin karɓar aikin da zai sa a fara biya musu inshorar ma'aikata don kar su rasa shi.

Kai kuma hanyarka daban ce, ka san wannan tun wuri. Guokao ba taka bace, sai ɗan ƙasa. Abin da ke gabanka shi ne harshe da doka da kuma sanin inda ake buƙatarka. Harshe tukuna, kar ka tsaya a HSK 4, wato mataki na huɗu na jarrabawar gwada iya Sinanci, don kawai ita makaranta ta nema, ka dage ka kai 5 ko 6, ko da da Turanci ake koyar da kwas ɗinka, don ba Turancinka kamfanin Chaina zai saya ba, yana da masu shi. Sai doka, dan Allah ka kiyaye, bizar karatu ba ta ba ka damar aiki haka kawai ba, in zaka yi horon aiki sai makaranta ta amince sannan ofishin shige da fice ya rubuta izinin a kan takardar zamanka, wanda aka kama yana aiki ba tare da wannan ba tara ce ko tsarewa ko ma a mayar da shi gida, kuma ba sa wasa da abin. Tun 2017 an sassauta wa baƙin da suka gama mastas a Chaina, suna iya neman izinin aiki ba tare da sharaɗin gogewar shekara biyu ba, don haka in zama kake so ka yi ka sa wannan a lissafinka tun kana digirin farko.

Inda ake buƙatarka kuwa shi ne inda su da yawansu suke ja da baya. Kamfanonin Chaina suna fita waje sosai yanzu, suna kiran abin chuhai, fita teku, kuma Afirka na cikin manyan wuraren. Transsion mai Tecno da Infinix da itel hedkwatarsa na Shenzhen amma kasuwarsa tana hannunmu. CCECC shi ya gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Kamfanin mai na CNPC yana cikin matatar Soraz ta Damagaram tun 2011. Huawei yana Najeriya shekara da shekaru. Ɗalibin Chaina da aka ce za a tura shi Afirka yakan yi dogon tunani, ga nisa da iyaye ga maganar aure, duk da cewa alawus ɗin ya fi na gida, wasu suna zuwa ne su yi 'yan shekaru su tara kuɗin sayen gida su koma. Kai kuwa gida za a tura ka, kana jin Hausa kana jin Sinanci kana jin Turanci ko Faransanci, ka san yadda ake magana da mai unguwa da ɗan kasuwar Kantin Kwari. Don haka ranar da irin waɗannan kamfanonin suka zo jami'arku ka sa kaya masu kyau ka je zauren ka zauna a gaba, ko da sanarwar ba ta ambaci baƙi ba, bayan an tashi ka tari mai ɗaukar ma'aikatan ka tambaye shi sashen Afirka ka karɓi WeChat ɗinsa, wato manhajar aika saƙo da suke amfani da ita a can.

Ka nemi ofishin ba da shawarar aiki na jami'arku, kowace jami'a tana da shi kuma baƙi ba su cika shiga ba, ka roƙi ɗan ajinku ya saka ka a zaurukan WeChat da ake tura sanarwar aiki, don ofishin ɗalibai baƙi ba lallai ya turo maka ba. Ka buɗe manhajar Boss Zhipin ko Zhaopin ka dinga karanta abin da ake nema a fanninka ko da ba yanzu zaka nema ba. Takardar bayaninka ka rubuta ta da Sinanci, shafi ɗaya, da hoto a sama kamar yadda suke yi, ka ba aboki ya gyara maka. Sannan ka san neitui, wato ma'aikacin cikin kamfani ya miƙa sunanka, takardar da ta shiga ta wannan hanyar ta fi saurin isa hannun mai dubawa, kuma waɗanda za su yi maka wannan su ne 'yan ajin da ke gabanka da shekara ɗaya ko biyu, don haka ka san su tun suna makaranta. In kana Beijing ka leƙa Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing, akwai Sinawa masu karanta Hausa a can, suna neman wanda za su yi hira da shi kamar yadda kake neman mai gyara maka Sinanci, kuma irinsu ne gobe zaka tarar a gidan rediyo ko ofishin jakadanci ko kamfanonin da ke aiki a ƙasashenmu.

Abu ɗaya game da zama da su a wannan lokacin. Daga Oktoba zuwa Disamba in abokinka ya daina amsa saƙo, ya daina zuwa ƙwallo, ba wulaƙanci bane, yana cikin ruwa ne. Kar ka tambaye shi sakamako in bai faɗa maka ba, ka ce masa jiayou kawai, wato ƙara himma, in da hali ka kai masa abin sha mai zafi laburare. Wanda bai ci ba sau da yawa zai sake zama shekara mai zuwa, suna kiran abin erzhan, yaƙi na biyu, wasu har na uku, suna haya ɗan ɗaki kusa da jami'a ko su koma gidan iyaye. Wannan shi ne abin da ke damuna a tsarin gaba ɗaya, na ga yara masu basirar da za su iya ƙera abu ko kafa sana'a suna ƙone shekara biyu uku na ƙuruciyarsu a kan tambayoyin zaɓi, kuma ba don ragwanci ba, don tsoron da ke da dalili.

In kuma gida zaka dawo, tun watan Afrilu ka fara bin takardunka, shaidar digiri da takardar maki, ka tabbatar an ba ka fassararsu ta Turanci da hatimin makaranta kafin ka bar garin, domin ɗan Najeriya da ya yi karatu a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa kafin ya shiga hidimar ƙasa, kuma neman takarda ɗaya daga Wuhan kana zaune a Kano ba ƙaramar wahala bace. Lambar da ka buɗe WeChat da ita ma ka canza ta zuwa wadda zata ci gaba da aiki bayan ka sauka, don duk mutanen da ka tara a shekara huɗu a cikinsa suke.